Igiyar Kandarma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya zuba teku ya yi mata iyaka, ya raba wa bayinsa ƙafafu, waɗansu na zama, waɗansu na yawo. Ni Nomau ɗan Tanko, mai tufkar igiya, a cikin na yawon aka sa ni. Ku matso ku gyara zama, in ba ku labarin igiyar da na je nema bangon duniya, na same ta, na kuma baro ta can ko waiwaye ban yi ba.

Rijiyoyin garinmu zurfi ne da su, in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jiran ƙararta. Igiyar rama ba ta daɗewa, ta kaba kuwa ba a ma maganarta. Kullum guga na faɗawa, kullum ana zagin mai tufka, wato ni. Ana nan sai wani bafatake ya sauka a garin, ya ba mu labarin wani birni a bakin Tekun Toka, wai shi Kandarma, inda igiya guda ke jan ɗakunan ƙarfe cike da mutane a cikin cikin dutse, tun kaka da kakanni, ba ta taɓa tsinkewa ba. Tun daga ranar na rasa sukuni, na ce sai na ga yadda ake tufka ta.

Ina ɗaure kaya sai ga Barmo, ɗan gwaggona, taubashina, da nasa ƙunshin a ka. Barmo ƙato ne, in ya zauna a tabarma ba mai samun gefe. Ni ina kiransa Rumbu, shi yana kirana Tsinke. Ya ce, "Wa zai bar tsinke ya kama hanya shi kaɗai? Iska ta kwashe ka, a ce ni na yi sakaci." Na ce, "Ƙarya kake, ka ji an ce mutanen bakin teku da kifi suke karin kumallo." Bai musa ba.

Mun sha wuya a hanya. Mun ratsa wani ƙauye a tsakiyar fako, mutanensa ba su da inuwa, ba kuma itace ko ɗaya a ƙasarsu. Da suka ga tamu sai suka zo da ladabi suka roƙi su ɗan huta a ciki. Ni tawa ko yaro ba ta isa ba, amma ta Barmo dattawa suka cika ta, suka danne gefenta da gwiwoyinsu, ya yi ya yi ya ɗaga ƙafa ya kasa. Barmo bai yi gardama ba, ya tsaya yana ba su labarin tuwon gidansu har rana ta take tsaka, inuwar ta tattare ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa, sannan ya ce mini, "Tsinke, ƙafa me na ci ban ba ki ba!" Muka zura da gudu, muna jin kukansu a bayanmu kamar na marayu.

Gaba kuma muka iske wani kogi mai sanyi, wanda duk ya sha ruwansa sai sunansa ya ɓace masa. Ban sani ba na sha. Na zauna a bakin ruwa ban san ko ni wane ne ba, ban kuma damu in sani ba. Barmo ya tsuguna gabana ya dinga jero mini zagin da yake yi mini tun muna yara, tsinken tsire, ƙafar sauro, wanda akuya ta kora har cikin masallaci, har zuciya ta ɗebe ni na daka masa tsawa, "Ni Nomau kake faɗa wa haka?" Ya yi dariya ya ce, "Sannu da dawowa."

Daga nan muka shiga jirgin ruwa, muka yi ta tafiya a kan ruwa mai launin toka, har wata safiya muka hango Kandarma. Wani baƙin dutse ne ya tashi daga teku a miƙe kamar bango, ba matakala, ba turba, ko akuya ba ta hawansa. A gindinsa gari ya matse tsakanin dutse da ruwa, shi ake kira Gaɓa. Can bisa kuma, inda gajimare ke yawo, akwai wani garin, Ƙololuwa, da wata babbar fitila da ke nuna wa jirage hanya.

Muna sauka daga jirgi mutane suka yo kanmu. Gaisuwarsu daban ce: sai mutum ya rungume ka, ya ɗaga ka sama cak, ya ɗan yi shiru, sannan ya dire ka. Duk baƙon da ya sauka haka aka yi masa. Barmo dai ƙarti suka gwada suka kasa, suka watse suka bar shi tsaye. Ni kuwa wani ya ɗaga ni, ya dire, ya sake ɗagawa, sai ya ƙwala kira, "Inna Kuluwa! Zo ki ji wannan!" Wata dattijuwa ta keto taron, ta rungume ni ta ɗaga, idanunta a rufe. Da ta sauke ni sai na ga hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Ɗana, gidana za ka sauka." Ni da wautata na juya na ce wa Barmo, "Ka ga inda aka san darajar mutum."

Inna Kuluwa ta riƙe ni kamar ƙwai, amma riƙon da ban taɓa ganin irinsa ba. Abincina da awo take zuba shi. In na nemi ƙari ta hana, in na rage ta zauna tana lallashina sai na cinye. Barmo kuwa a zaure aka ajiye shi, ba mai tambayarsa ko ya ci. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta ce, "Masu tufkar suna Ƙololuwa, ɗana. Ni da kaina zan nema maka wuri a tarago."

Ta kai ni tashar. Wani ƙaton baki ne aka sara a gindin dutsen, da ƙofar ƙarfe, layin dogo ya fito daga cikin duhu ya tsaya a bakinsa. A farfajiyar an jera duwatsu birjik, kowanne da alama a jikinsa. Aka ɗora ni a sikeli, wani magini ya ɗora dutse a ɗaya gefen, ya yi ta sassaƙarsa har ya yi daidai da ni, ya zana masa alama, ya kai shi cikin 'yan'uwansa. Na tambayi dalili, aka ce al'ada ce. Barmo ya ce shi ma zai hau, mai tsaron ƙofa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Babu nauyinka a sama."

Barmo ya ja ni gefe. "Nomau, garin nan bai kwanta mini ba. Ragon layya kaɗai na san ana yi wa irin wannan kulawa."

Na ce, "Hassada ce ke damunka, Rumbu. Zauna ka ci kifinka, in je in dawo."

Taragon ɗaki ne na ƙarfe, kujerunsa hawa-hawa, ba ƙyaure a gefensa, wata baƙar igiya mai kaurin cinya ta kama goshinsa ta miƙe cikin ramin. Taragu biyu ne a kan igiya ɗaya, kamar guga biyu a rijiya, in ɗaya na hawa ɗaya na sauka, a tsakiyar dutse suke giftawa. Kafin mu tashi aka miƙa wa kowa baƙin ƙyalle. Mai tsaron ƙofa ya ce, "In kun ji iska ta buso, kun kusa magifta. Ku rufe fuska. Kome kuka ji, kada ku buɗe, kada ku amsa." Aka kaɗa ƙararrawa, wata ta amsa daga can sama, siririya, muka shige.

Da hantsi muka shiga, amma ciki duhu ne wanda ba a ganin tafin hannu, sai 'yar fitilar da ke rataye a goshin taragon. Ramin ya matse, bango na kusan gogar kafaɗa, ruwa na ɗiga mana a ka. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki igiyar ce, don ni na san kukan igiya in ta ɗau kaya, wannan kuwa ba ta kuka, wani sauti take yi kamar mutane da yawa na numfashi a ɗaki ɗaya. Can sai iska ta buso, taragon ya rage gudu, kowa ya ja ƙyallensa. Ni ma na ja, amma na bar kafa.

Ɗaya taragon ya zo dab da mu a hankali, cike da mutane masu rufaffun fuskoki, kawunansu a aske. A kujerar da ke daidai da tawa wani saurayi ne siriri, tsawona, faɗina, kai ka ce ni ne. Iska ta ɗage ƙyallensa, muka haɗa ido. Bakin Inna Kuluwa ne da shi da hancinta. Ya motsa leɓe ya ce, "Ka yafe mana." Duhu ya haɗiye shi.

A Ƙololuwa wata tsohuwa ce ta tarbe mu da aska a hannu, Iya Hansai, ita ce shugabar masu tufka. A bayanta wata ƙatuwar kurar ƙarfe ke juyawa, irin wadda ake ɗora igiyar guga a kai, sai dai ta kai girman gida. Ta zaunar da ni ta fara aske mini kai, wata mata na tare gashin a faifai. Na ce, "Iya, ni baƙo ne, tufka na zo koyo in koma."

Ta ce, "Duk haka muka ce. Za ka koya, yaro, ga kayan aikin nan ana tarawa a faifai. Komawa kuwa sai nauyinka ya hau."

Ta warware mini zance tana aski, ba gaggawa, kamar mai ba da labarin damina. Igiyar da gashin masu rai ake tufka ta, shi ya sa ba ta tsinkewa. Taragun ba sa tafiya sai nauyinsu ya zo daidai, in ɗaya ya fi, sai ya ɓalle da gudu ya tarwatse da kowa. Kaya da kaya ake musanyawa, rai kuma da rai. Ba mai sauka sai wani mai nauyinsa ya hau a madadinsa. A da can mutanen garuruwan biyu ziyara suke kai wa juna, ana hawa ana sauka cikin raha. Da sanyi ya yi yawa a sama, abinci ya yi wuya, sai na ƙasa suka daina son hawa, aka koma jefa ƙuri'a don kada fitila ta mutu, kada kura ta tsaya. Wanda ƙuri'a ta hau da shi kuma danginsa sai su tsaya a bakin teku suna ɗaga baƙi, suna neman mai nauyinsa.

Na ce, "To me ya hana a ɗora dutse a madadin mutum?"

Ta tsayar da askar. "Wani mai garin Gaɓa ya taɓa yi, don ya sauko da ɗansa. Tarago ya isa ƙasa lafiya. Aka tarar da rigar yaron da hularsa a kujera, a cikinsu kuma dutse ne zaune, da hanci da baki da komai. Tun daga nan ba a sake ba. Duwatsun da ka gani a farfajiya na tuni ne kawai, don dangi su san nauyin da za su nema."

"Ƙyallen fa?"

"Kai za ka iya kallon idon wanda ya hau dominka?"

Na zauna a Ƙololuwa har na daina lissafin watanni. Gari ne na masu askakken kai, ba kiɗa, ba wasan yara, kowa kunnensa na wajen ƙararrawa. Da awo muke ci don kada mu kauce wa duwatsunmu na ƙasa. Gashi na tsirowa ana askewa, mu tufka, mu sarƙa cikin igiyar tana tafiya. In ka dafa ta ɗumi ne da ita, tana harbawa kamar jijiya. In wani ya mutu, a sama ko a ƙasa, sai silin gashinsa ya yi fari ya zube, mu san an yi rashi tun kafin labari ya zo. Na koyi tufkar sarai, hannuna ya ƙware, ban kuma taɓa ƙin wani ilmi kamar yadda na ƙi shi ba. Na aika wa Barmo saƙo ta bakin wani mai sauka, cewa ya koma gida, kada ya jira ni. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da nake tsayawa a bakin dutse ina kallon jirage, ina fatan Allah ya sa akwai wani siririn bawan Allah a ciki.

Wata safiya muna tufka Iya Hansai ta dafa kafaɗata. "Tashi, Nomau. An kaɗa alamarka daga ƙasa. Nauyinka ya zo." Murna ta kama ni, sai kuma kunya ta rufe ni, don na san abin da murnar ke nufi. Na karɓi ƙyallena na shiga, na yi niyyar wannan karon in rufe fuska ruf, kamar kowa.

Muka gangara cikin duhu. Iska ta fara busowa, na ɗaure ƙyallen tam. Sai wata murya ta taso daga ƙasa, a dishe, bango na maimaita ta.

"Tsinke! Kai, ƙafar sauro! Buɗe idonka!"

Mutanen taragonmu suka ɗau salati ƙasa-ƙasa, na kusa da ni ya damƙe hannuna. Na fizge, na yaye ƙyallen. Ɗaya taragon na tahowa, a bakinsa wani mutum na tsaye riƙe da ƙarfe, dogo, ƙasusuwan wuyansa a waje, fatar hannunsa na reto kamar rigar aro. Ban san shi ba. Na rantse da Allah ban san shi ba, sai da ya sake buɗe baki.

"Dubi tsakanin layukan nan, akwai dakali! In na ce guga, ka diro. Tare za mu diro, Nomau. In ka riga ni ko na riga ka, mutanen nan duk sun mutu!"

Na duba. Ga shi kuwa, dakalin dutse shimfiɗe tsakanin layukan biyu, inda ramin ya buɗe, hasken fitila na sheƙi a kan jiƙaƙƙen bayansa. Tun kaka da kakanni suke wuce shi da fuska a rufe. Na miƙe na tsaya a baki, numfashin igiyar ya cika mini kunne. Taragun suka daidaita.

"Guga!"

Muka faɗo tare, muka yi karo, muka zube. Na ɗaga kai ina jiran ƙarar tarwatsewa. Igiyar ta yi wata irin ajiyar zuciya, taragun suka ɗan yi rawa, sannan kowanne ya ci gaba da tafiyarsa a hankali, an rage masa daidai abin da aka rage wa ɗan'uwansa.

Na tashi na bi su da ihu. "Jama'a, ku buɗe fuska! Akwai hanya a nan! Ku sauko biyu-biyu!" Ina ganinsu a hasken fitilunsu da ke nisa, na sama da na ƙasa. Duk sun ji ni. Kowa ya sa hannu biyu ya ƙara danne ƙyallensa, wata mata ta toshe kunnuwa. Fitilun suka ƙanƙance, suka ɓace, aka bar mu da ƙarar ruwa.

Barmo ya laluba hannuna ya ɗora a bakin wani rami a gefen dakalin, inda ruwan dutsen ke taruwa yana zurarewa. Muka shiga da rarrafe, yana gaba yana ba ni labari a guntule, yana haki. Saƙona ya same shi, ya ce wa ɗan aiken ya gaishe ni. Ya koma taya masunta jan taru, a nan ya lura da baƙaƙen ƙyallaye na fitowa daga wata magudana a jikin dutsen, waɗanda iskar magifta ke fizgewa. Ya gwada shiga, kafaɗunsa suka maƙale tun daga baki. Sai ya rage ci. Kullum da safe ya je farfajiyar tasha ya hau sikeli, a ɗora dutsena a ɗaya gefen, mutanen Gaɓa na yi masa dariya, daga baya dariyar ta ƙare suka koma kauce masa. Yana ramewa yana ƙara nisa cikin magudanar, har ranar da ya leƙo kan dakalin ya ga taragu na giftawa. Ya gaya wa masunta, suka ce yunwa ce ta taɓa masa kai.

Na ce, "Da ka riga ka ga hanya, me ya sa ba ka daina rage ci ba?"

Ya ce, "Wa zai hau ya sauko da kai? In kuma wani ne ya hau, ka diro kai kaɗai ka kashe bayin Allah? Dole sai ni da dutsen nan mun daidaita. Kai kuwa, Allah wadaran ƙashinka, ba ka da auki ko kaɗan. Na zaci ba zan kai ba."

Inda magudanar ta ɗan buɗe har mutum na iya tafiya a duƙe, nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya zauna cikin ruwa ya ce in yi gaba zai biyo ni. Na juya na goya shi. Barmon da ƙartin Gaɓa suka kasa ɗagawa, na miƙe da shi ba tare da na yi nishi ba, gwiwoyinsa na sukar haƙarƙarina. Ban taɓa sanin nauyin kaina ba sai ranar. Ashe ɗan wannan ne ni gaba ɗaya, kuma saboda ɗan wannan mutum ya zubar da rabin jikinsa a baƙon gari. Na yi ta kuka ina tafiya, ruwa na kai mini gwiwa, na gode Allah da duhun.

Muka ɓullo bayan dutsen da la'asar, inda mutanen Gaɓa ba sa zuwa. Wani kwalekwalen masunta na wani tsibiri ya gan mu ya ɗauke mu. Muna nisa da gaɓa muka jiyo ƙararrawar ƙasa na kaɗawa, ta sama na amsa mata, an fara loda wani taragon.

Masuntan suka gasa kifi suka ajiye mana. Na ɓare mafi tsoka na miƙa wa Barmo. Ya karɓa, ya ci loma guda, ya ci ta biyu da ƙyar, ya daɗe yana kallon sauran a hannunsa. Sannan ya turo mini.

"Ci, Tsinke," in ji shi. "Ni na manta yadda ake yi."

A nan na ƙulle bakin wannan hikaya. Allah ya ba kowa wanda zai tsaya masa.